Ni da roba-roba da iskar hanyar Bichi

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin firamare ne, a Kurna nake zaune cikin Kano amma makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye can gaba da Dawanau a ƙasar Dawakin Tofa, sai ka ɗau hanyar Katsina kamar zaka Bichi sannan ka sauka daga kwalta ka shiga burji. Tun 2013 a kan roba-roba nake wannan zirga-zirgar. Wanda yake Kano a lokacin ya san yadda akayi, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairun shekarar gwamnati ta hana goyo a babur, 'yan acaɓa suka watse, adaidaita kuma bata kai ka inda nake zuwa sai dai kayi shata, albashin malami kuwa ba na shata bane. Shine na shiga adashi, da na kwasa na haɗa da ɗan abinda mai ɗakina ta ranta min na sayi Lifan na hannu mai inji 110, kuma Alhamdulillah da irin wannan mashin ɗin nake ci da iyalina har yau, na canza wani amma dai ban bar roba-roba ba.

Abinda ya zaunar dani nake wannan rubutun shine tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ganin sabbin mahaya sun cika titi, ma'aikatan da suka jingine mota, dattawa masu furfura, 'yan makaranta, kowa ya koma ƙaramin mashin saboda baya shan mai, ga mashina masu caji ma sun fara shigowa. Duk wanda ya saya akwai mai koya masa giya da birki da yadda zai sha kwana, amma wallahi ban taɓa jin ana zaunar da mutum ana ce masa ga yadda zakayi idan iska ta taso maka a hanya ba. Kuma ita ce take ka da mutane a ƙaramin mashin, saboda abin bashi da nauyi, duka-duka wajen kilo 100 ne, jikinsa kuma roba ce a rufe gefe da gefe iska na samun wajen dafawa. Ni Allah yasa na samu wanda ya koya min tun da wuri, shi yasa nake ganin haƙƙi ne a kaina in faɗa.

Wanda ya koya min kawuna ne, wan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin gona ne na gwamnati, da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya sayi Vespa a 1975 kuma da ita ya zagaye ƙauyukan Kano lokacin Jigawa ma tana cikin Kano, Gumel, Haɗeja, Kazaure, duk ya taka su. Wanda ya san tsohuwar Vespa ya san tayoyinta 'yan ƙanana ne kuma injinta a gefen dama yake, to mutumin da ya shekara da shekaru a kanta cikin filin Allah ta'ala inda ba gini ba komai sai gonaki, ai shi za'a tambaya zancen iska. Ranar da na kai masa mashin ɗin ya sa albarka ya zagaya shi ya ɗan ɗaga bayansa da hannu ɗaya, yace ɗana wannan ai ba nauyi, kai ne nauyinsa. Nace Kawu ai shi yasa baya shan mai. Yace na sani, amma ranar Asabar ka dawo da hantsi ka ɗauke ni muje filin idi, akwai abinda zan nuna maka kafin sanyi ya shigo sosai.

A filin nan ya sa ni nayi ta kai da komowa ina ratsa iska ta gefe, shi yana tsaye da sandarsa yana kallon kafaɗuna. Da na dawo yace ka ƙanƙame kan mashin kamar za'a ƙwace maka, saki hannunka. Bayanin da yayi min shine idan ka sandare hannu, iska ta bugi ƙirjinka da kafaɗarka, to duk motsin da jikinka yayi kai tsaye yake sauka a kan mashin ya juya tayar gaba, kaga kenan kai da kanka kake taya iskar karkatar da kai. Amma idan gwiwar hannunka a lanƙwashe take, riƙon kuma sassauƙa, jikinka zai ɗan kaɗu shi kuma mashin ya cigaba da tafiyarsa. Ƙarfin riƙo a ƙafa yake, ka matse gwiwoyinka ciki ka danne matakin da tafin ƙafa, ka ɗan sunkuya kaɗan. Sai abu na biyu, yace idan ta dama ta bugo ka ɗan tura hannun dama gaba kaɗan, mashin zai kwanta ta dama ya jingina da iskar, idan ta hagu ce hannun hagu. Na farko da naji abin ya min banbaraƙwai, ya za'ace in tura hannun dama kuma in kwanta dama, sai da na gwada na gani da idona. Tura kaɗan fa, ba murɗawa ba, kuma ka zauna cikin shirin saki don iska bata sallama idan zata ɗauke. Sannan ya hana ni abu biyu, kar in damƙe birkin gaba lokacin da ta buge ni, kar kuma in saki totur gaba ɗaya saboda tsoro, mashin ɗin da inji ke jansa a hankali yafi tsayuwa daram akan wanda aka sake shi yana gangarawa.

Hanyarmu kuma ita kanta sai da na karance ta. Daga Kano zuwa Bichi arewa maso yamma kake fuskanta, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, to da safe idan zan tafi ta hannun dama take duka na tana tura ni tsakiyar titi wajen motoci, idan zan dawo ta hagu take duka tana tura ni bakin kwalta inda yashi yake taruwa. Daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris haka ake fama. Na lura kuma da sassafe bata cika ƙarfi ba, sanyi ne dai da hazo, sai rana ta ɗan ɗaga da hantsi take tashi haiƙan, da yamma ta lafa, shi yasa a watannin nan nake gwammace in fita da wuri in sha sanyina in isa kafin ta farka. Ina koya wa 'yan aji shida ma daga inda ƙurar nan take tasowa, akwai wani kwari a ƙasar Cadi arewa maso gabas da tafkin Cadi ana ce masa Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya, kuma dalili shine iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi sai ta fito da ƙarfi. Wannan matsewar ita ce dai take faruwa a bakin titi, kana tafe dogon gini ko katangar sito ta kare ka kana jin lafiya lau, kana zuwa inda lungu ya ɓulle tsakanin gini biyu sai kaji an bangaje ka. Wajen Dawanau da manyan sito-sito suke jere na san duk inda ake samun wannan bugun, tun kafin in isa nake gyara zama. Haka kan gada, haka inda jerin darbejiya ya ƙare fili ya buɗe. Idona kullum yana kan kan bishiyoyi, da hayaƙin masu shayi, da ledojin da suke tsallaka titi, da rigar mai mashin ɗin da ke gabana, idan naga ya kaɗu na san saura ni.

Sai maganar tirela, wadda ita tafi bani tsoro har gobe. Dawanau kasuwar hatsi ce, manyan motoci basa yankewa, ga na Katsina da Jibiya da masu wucewa Maraɗi. Tirela idan tazo wuce ka da farko iskar gabanta ture ka take waje, idan ka kai tsakiyarta sai kaji kamar ana janyo ka cikinta, tana wucewa kuma ta bar ka da wata iska mai jujjuyawa. Wannan ko ranar da gari yake tsit haka ne. To ka haɗa da hunturu lokacin dawowa gida, iska na buga ni ta hagu na jingina da ita ta hagu, sai tirela ta zo wuce ni, ita ma ta hagu, ta shiga tsakanina da iskar. Nan take iskar ta ɗauke ɗif, ni kuma ina kwance ta hagu, ina zan nufa in ba ƙarƙashin tayoyinta ba. Mutane da yawa da ake cewa tirela ta taka su ba wanda ya san yadda akayi, ni a raina nakan ce wasu daga ciki wannan ne. Abinda nakeyi shine ina ganin ta a madubi tun daga nesa nake rage gudu in matsa dama gwargwadon yadda kwalta ta bani, in bar fili mai yawa tsakaninmu, in shirya miƙe mashin da zarar inuwarta ta rufe ni, in kuma shirya sake jingina idan bindinta ya wuce don iskar dawowa take gaba ɗaya. Idan jerin gwano suka yo uku ko huɗu kuwa sauka nake gefe in sa ƙafa ƙasa su wuce, ba abinda ya rage min. Lokacin da ake aikin raba titin biyu ana karkatar da motoci hannu ɗaya abin yafi muni, ga jar ƙasa a kan kwalta ga motoci gaba da gaba.

Zancen gudu kuma akwai lissafi a ciki wanda abokin aikina malamin lissafi ya warware min a ofis wata rana. Yace ƙarfin da iska ke dukanka dashi ba daidai yake tafiya da saurinta ba, idan saurinta ya ninka biyu dukan ninkawa huɗu yake, idan ya ninka uku dukan tara. Kuma idan gaba da gaba kuke haɗa saurin ake, kana tafiyar kilomita 50 a awa ita tana zuwa da 30, to ƙirjinka 80 yake karɓa, shi yasa kake jin mashin yana nishi mai yana ƙarewa. Idan kuma ta gefe ce, mai gudu kafin ya gyara ya riga ya ci tazara mai yawa a karkace, mai tafiya a hankali kuwa yana da lokaci. Amma rarrafe ma ba kyau, idan kayi sanyi sosai mashin rawa yake. Ni a iska mai ƙarfi giya uku nake zama, inji na ja, gudu tsaka-tsaki. Ina kuma leƙawa wajen mai faci duk sati ya auna min iskar taya, tayar da ta yi laushi lilo take idan aka buge ta ta gefe, bakanikena kuma ya duba min boris ɗin kai da shokozoba, ya kakkaɓe filta saboda ƙurar hunturu toshe ta take.

Hausawa sunce iska na wahalar da mai kayan kara, to a mashin ba wahala kaɗai bace, rai ne. Ina ganin mutane da katifa a baya, da falanki, da farantin sola, da bandir ɗin kwano, wani ma ƙofa sukutum ya ɗaura a tsaye, a roba-roba fa. Duk abu mai faɗi iska kama shi take ta juya ka dashi. Littattafan jarabawa idan zan ɗauko a buhu nake sawa in kwantar dasu ƙasa-ƙasa tsakanin ƙafafuna ko in ɗaure tam a kariya, abinda yafi faɗin mashin kuwa gara in biya adaidaita. Tufafi ma haka, babbar riga a jaka take tafiya sai na isa in saka, doguwar riga in tattare ta in zauna a kai, jaket in zuge zif har wuya don idan ka bar shi a buɗe cika yake da iska yana fizgarka baya. Matan da ake goyawa a wajen gari da waɗanda suke tuƙawa da kansu, don Allah a tattare hijabi da bakin zani a danne, iska na kaɗa shi cikin sipok ko sarƙa yake shiga, kuma wannan fizgar ta wuya ce. Hular kwano dai kowa ya san tarihinta a ƙasar nan, da 'yan kiyaye haɗura suka tilasta ta a farkon 2009 har ƙwarya wasu suka dinga kifawa a ka. Ni ina sa tawa mai gilas, kuma ba don kamu ba, ranar iska tsakuwa da yashi a ido suke sauka, mutum ya rintse ido daƙiƙa biyu a kan mashin ai ya tafi wani wajen.

Duk wannan da na faɗa na iskar da ake iya tafiya a cikinta ne. Akwai wadda ba'a tafiya a cikinta ko kai waye, ita ce iskar gaban hadari, ta ƙarshen bazara da farkon damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, wani lokacin kuma ta dawo da ruwan bankwana. Kawu yace min wannan ba'a koyon tuƙi a cikinta, sauka ake koya. Hadarinmu daga gabas yake tasowa yawanci da la'asar ko bayanta, zaka ga gari ya ɗau zafi yayi tsit ko ganye baya motsi, gabas ta haɗe, ƙasan hadarin yayi ja ko ruwan ƙasa, to wannan jan ƙura ce iska ta turo gaba. Sanyin da ke saukowa daga cikin hadarin ne yake bazuwa a ƙasa da gudu, yana riga ruwan isowa. Da kaji wata iska mai sanyi-sanyi da ƙamshin ƙasa ta shafi fuskarka, kaga awaki na gudu gida mata na kwashe shanya, to 'yan mintuna suka rage maka, ka nemi ginin kirki ka shiga. Mutanen Bauchi ba zasu manta da ta watan Yunin 2018 ba lokacin ƙaramar sallah, ta kashe mutane ta kwashe rufin gidaje ba adadi ta karya turakun wuta. Abinda ya tumɓuke turken wuta me zai ɗauki mashin mai kilo 100.

Abinda ya faru a idona kuwa wata Laraba ce a watan Mayu, mun tsaya bayan an tashi muna haɗa sakamakon yara, ni da wannan abokin nawa malamin lissafi, shi ma roba-roba ne dashi. Mun fito mun hau kwalta kenan muka ga gabas ta yi jawur. Na matsa kusa dashi nace Malam mu tsaya a garin nan na gaba. Yace Malam yarana suna islamiyya kuma rufin ajinsu ba ƙwari, uwarsu bata da lafiya ba mai ɗauko su, bari in taɓa ko Allah zai sa in riga shi. Ban ga laifinsa ba a lokacin kuma har yau ban gani ba, uba ne. Nace to Allah ya tsare, ni na ratse wani masallaci na bulo a bakin hanya, na kafe mashin a jikin bangon yamma inda iskar bata kaiwa, na shiga na tarar da mutane sun fara taruwa, mai rake da wasu 'yan mata masu tallan gyaɗa da wani dattijo da akuyarsa. Ba'a jima ba ta iso. Rana tsaka gari yayi duhu kamar magariba, ƙofar ƙarfen masallacin tana bugawa sai da mutum biyu suka danne ta, yashi na shigowa ta ƙasan ƙofa da tagogi har muna jinsa a haƙora, sama kuma kwano na ta ƙara kamar zai tashi. Ta taga na hango wani reshen darbejiya mai kauri ya tsage ya faɗo daidai inda masu mashin suka saba fakewa idan ana yayyafi. Dattijon nan ne ya ɗaga murya yana karanta addu'ar da Annabi sallallahu alaihi wasallam ya koyar idan iska ta taso, ta roƙon alherinta da alherin abinda ke cikinta da neman tsari daga sharrinta, muna amsawa da amin, wata yarinya cikin masu tallan tana kuka tana kiran innarta.

Ruwa ya sauko ya ɗauke, na fito na goge sit na kama hanya a hankali saboda ruwan farko santsi ne dashi, ƙura da baƙin mai sun kwaɓe a kan kwalta, ga rassa ga wayoyi a ƙasa. Ban yi nisa ba na hango taro a gefen titi, na kuma gane mashin ɗin abokin nawa tun daga nesa saboda wata jar leda da yake ɗaurewa a kariya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Falle ɗaya na kwano ne iska ta ɓanɓaro daga wata rumfar bakin hanya ya taho yana juyi a sama ya same shi a kafaɗar dama, ya yanke shi har kusa da wuya, ya faɗi hannun ya karye. Mutanen wajen Allah ya saka musu da alheri sun ja shi cikin wani shago sun ɗaure ciwon da rawani. Na same shi a zaune jingine da buhun siminti rigarsa fara ta rine, leɓensa na rawa, yana ganina abinda ya fara cewa shine Malam yarana. Na kira ƙanina yaje ya ɗauko su, ashe malaminsu ya riga ya shigar dasu gidan maƙota tun kafin iskar ta iso, lafiyarsu ƙalau. Muka samu wata motar ɗaukar kaya ta kai mu asibiti cikin gari, aka ɗinke aka sa masa filasta. Likitan yace da kwanon ya matsa sama kaɗan da wani zancen ake.

Ya warke Alhamdulillah, yana nan muna aiki tare, amma hannun baya ɗaguwa sama da kafaɗa. Mutumin da yake cika allo tun daga sama har ƙasa da lissafi yanzu daga tsakiya yake farawa, sai da muka sa kafinta ya sauko masa da allon ajinsa ƙasa. Duk sanda na wuce ta tagar ajin na ganshi ya ɗan karkace yana rubutu sai naji wani abu ya tokare min ƙirji. Wannan mutumin ya fini iya mashin, ya fini sanin lissafin iskar ma, amma ba wata ƙwarewa da take kare mutum daga kwanon da ke tashi a sama. Daga baya mun zauna dashi da sauran malamai muka yi magana da hedimasta, aka yarda cewa a watannin nan idan gabas ta haɗe kafin a tashi ba malamin da zai hau hanya, ba yaron da za'a saki, kowa ya zauna a ajin da yafi ƙwari har ta wuce. Ni kuma na gaya wa mai ɗakina da maƙotana, idan hadari ya taso bana gida kar a jira ni, ga wanda zai ɗauko yara, ga wanda zai ɗauko nasa idan shi ne baya nan, don kar wani uba ya sake tsintar kansa yana tsere da hadari saboda ba mai taimaka masa.

Yanzu kafin in fita nakan saurari hasashen yanayi a rediyo ko in duba sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a waya, idan sunce akwai iska da tsawa da yamma sai in tsara dawowata da wuri. Na haddace wuraren fakewa a hanyar nan tun daga makaranta har Kurna, masallatai na bulo, zauruka, shaguna masu dakali da rufin kankare. Bana fakewa ƙarƙashin bishiya, bana tsayawa gindin allon talla ko turken wuta ko rumfar langa-langa, waɗannan su suke fara tafiya. Idan zan kafe mashin ba bango kusa, ina juya shi yadda iskar zata dinga danna shi kan jak ɗinsa, idan ka kafe shi ta ɗaya gefen ɗaga shi take ta kifar. Idan ƙura ta rufe ni kafin in samu waje, fitila a kunne, in sauka daga kwalta gaba ɗaya in yi nisa da titi, don direban da ke bayana shi ma baya gani. Guguwar rani mai juyawa da take ratsa titi da tsakar rana ita ma bana shiga cikinta, rage gudu nake in bar ta ta tsallaka.

Roƙona na ƙarshe ga masu rumfuna da shaguna na bakin titi ne, masu shayi, masu faci, masu kayan miya, masu cajin waya. Don girman Allah kafin bazara ta ƙare a hau a duba kwanon nan. Da yawa dutse ne kawai aka ɗora a kai ko tsohuwar taya, wani ƙusa biyu ce ta riƙe shi katakon ma gara ta cinye. Mu a makarantarmu duk watan Afrilu muna haɗa kuɗi mu sayi ƙusa mai hula da waya, mu ɗauki manyan yara da guduma mu bi rumfunan da ke tsakanin mahaɗar ƙauyen da bakin kwalta muna neman izinin masu su muna bugawa, abokin nawa shi yake riƙe gwangwanin ƙusa yana nuna mana inda ya saki. Bana da muka je mun tarar masu rumfa uku sun riga mu sun ɗaure nasu, mai shayin ma har canza katakon yayi.